KOYON TURANCI KO KOYON RAMUWAR GAYYA?

Shaiɗan ba ya rasa rigar da zai sanya wa ɓarna. A wannan karon rigar ilimi ya ɗauko. Matashi zai raba dare a kan waya yana bin wasan kwaikwayo mai dogon zango, idan aka yi masa nasiha sai ya ce ai Turanci yake koyo. Wai yana tsintar kalmomin haɗa zance ne, masu ma'anar "saboda", "don haka", "amma" da "duk da haka", domin rubutun insha'i a jarrabawar WAEC da NECO. Wannan hujja ta shiga bakin samari, har wasu na ɗaukarta wayewa.

To, a fahimta da kyau. Musulunci bai hana koyon harshe ba. Manzon Allah (S) da kansa ya umurci Zaidu bin Sabit (RA) ya koyi rubutun Yahudawa domin wasiƙunsa. Ɗalibin da ke neman shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda yana buƙatar Turanci, babu musu. Tambayar ita ce: a bakin wa zai koya, kuma a cikin wane labari?

A ɗauki misalin wasan nan mai suna Revenge, wanda tashar ABC ta Amurka ta nuna daga 2011 zuwa 2015. Wata budurwa ce ta sauya suna, ta koma cikin attajiran da suka ƙulla wa mahaifinta sharri, ta riƙa rusa su ɗaya bayan ɗaya ta hanyar ƙarya da yaudara. Kashi 89 ne, sama da awa 60 na kallo. Duk saboda kalmomin da ba za su cika shafi ɗaya na littafin rubutu ba! Ɗalibin Islamiyya da ya karanta Ajurrumiyya ya san haruffan aɗafi goma ne, kuma ya haddace su a gaban malaminsa ba tare da ya kalli tsiraicin kowa ba. Ban da haka, jarrabawa rubutu take nema, shi kuwa rubutu da karatu da alƙalami ake koyonsa, ba da zura wa allon waya ido ba.

Amma babbar musibar ba asarar lokaci ba ce. Kalmar haɗi ita ce ke ɗaure dalili da hukunci. Darasin da wasan ke maimaitawa shi ne: an zalunci ubana, DON HAKA jinin gidansu da dukiyarsu sun halatta gare ni. Matashi zai manta kalmar Turancin, amma wannan lissafin zai zauna masa a zuciya.

Mutanen arewacin Zamfara kuwa ba sa buƙatar Bature ya koya masu ramuwar gayya, sun ga ƙarshenta da idonsu. An sace shanu, don haka 'yan sa-kai suka kashe wanda suke zargi ba tare da shari'a ba. An kashe wancan, don haka 'yan bindiga suka afka wa ƙauye sukutum. A Yunin 2021 an hallaka sama da mutum 50 a ƙauyukan Zurmi, irin su Kadawa. A Satumban shekarar aka katse layukan waya a jihar, bayan an rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi. Wa ya ci riba? Zawarawa da marayu su ne amsar.

Wannan ita ce jahiliyyar da ta jefa Bakru da Taglibu cikin yaƙin Basusu na kimanin shekara 40 a kan taguwa ɗaya. Ita ce Manzon Allah (S) ya rushe a Hajjin Bankwana, ya fara da yafe jinin ɗan gidansu. Shari'a ta ba waliyyin wanda aka kashe haƙƙin ƙisasi, amma a gaban alƙali, a kan mai laifin shi kaɗai, ta hana wuce iyaka kamar yadda ya zo a Suratul Isra'i aya ta 33, sannan ta buɗe ƙofar diyya da afuwa. Inda jahiliyya ta ce "don haka", Musulunci ya ce "amma".

Saboda haka wajibi ne 'yan uwa matasa su farka. Mai son Turanci ya rubuta kalmomin nan a takarda, ya karanta sharhin jarida yana ja masu layi, ya rubuta shafi ɗaya kullum ya kai wa wanda ya fi shi sani ya gyara masa. 'Yan uwan da suka yi nisa a boko su buɗe darasi kyauta a unguwanni bayan Isha'i. Su kuma masu tura finafinai a waya su ji tsoron Allah, su tuna cewa za a tambaye su abin da suka zuba a zukatan 'ya'yan Musulmi.

Allah Ya kawo ƙarshen zubar da jini a wannan yanki, Ya tsare matasa daga makircin maƙiya. Amin.