Kakar da Makaranta Ta Kai Ƙasa Inda Ba Ta Taɓa Zuwa Ba

Ga jama'ar zangunan Parakou da Djougou.

A kakar 2018 zuwa 2019 Buffles du Borgou ta ɗauki kofin gasar ƙasa, Parakou ta cika da murna. A shekarar kuma akwai wata ƙungiya daga kudu da ba mu kula da ita sosai ba, wato ESAE, mai ɗauke da sunan wata babbar makarantar koyar da harkar mulki da tattalin arziki. Ita ta ci Kofin Benin na 2019, wanda ya ba ta damar shiga gasar Confederation ta hukumar CAF.

A can ta fitar da Génération Foot ta Senegal da bugun fanareti, ta zama ƙungiyar Benin ta farko da ta kai matakin rukuni a gasar Afirka. Aka haɗa ta da Berkane ta Maroko, da Zanaco ta Zambiya, da Motema Pembe ta Kwango. Ba ta tsallake rukunin ba, amma Berkane ɗin da ta kara da ita ce ta ɗauki kofin a ƙarshe. A 2021 kuma ESAE ta lashe gasar ƙasa.

Abin da ya sa muka tuno da wannan kaka shi ne wata tsohuwar fahimta da ta zauna a gidajenmu, cewa ƙwallo kishiyar karatu ce. Uba ya hana, yaro ya tafi a ɓoye. Daga nan ya saba da ƙarya, ya fara tsallake darasu, har ya bar allo da lakwal gaba ɗaya. Wani ya faɗa hannun dillalan da ke yi wa matasa alkawarin ƙungiyoyin Turai, a sayar da fili ko babur, a ƙare da yaro yana gararamba a Aljeriya ko Libiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan tana tsakanin makaranta da filin wasa.

Masu cewa ƙwallo ba ta ciyar da mai yin ta suna da gaskiya: kaɗan ne ƙwarai za su ci abinci da ita, kuma rauni guda a gwiwa ya isa ya kawo ƙarshen sana'ar. Wannan hujja ce ta ɗaure ƙwallo a jikin makaranta, domin wanda ƙafa ta yashe shi ya tarar da alƙalami a hannunsa.

Shawararmu ga sarakunan zango da limamai da malamai ita ce a kafa gasa tsakanin makarantun Islamiyya da na boko a garuruwan biyu, a riƙa buga ta ranar Alhamis, lokacin da makarantun allo ke hutu, bayan la'asar a tashi kafin magariba. Sharaɗi ɗaya ne: yaron da malaminsa bai shaidi zuwansa aji ba, ba zai sa riga ba. 'Yan kasuwarmu su ɗauki nauyin riguna da ƙwallaye. Ɗaliban Jami'ar Parakou, wadda aka kafa tun 2001, su taimaka da alƙalanci da horarwa. Buffles da Panthères ta Djougou kuwa su san inda za su zo neman matasa, a gaban iyayensu.

Kakanninmu da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja ba su sa yaro a ayari sai ƙarƙashin madugu. 'Ya'yanmu sun riga sun shiga ayarin ƙwallo, mun so ko mun ƙi. Abin da ya rage mana shi ne mu naɗa musu madugu, kuma makaranta ce ta fi cancanta.

Allah ya shirya mana zuriya.