Zancen Malamin Yaƙi da Jahilci: ƴan mata da aikin ƙere-ƙere lokacin hutu



Zancenmu na wannan wata bisa ɗiyanmu mata ne na kwaleji. Babban hutu yana kamawa da damina, ba a komawa aji sai watan Oktoba. Wata uku ke nan. Mi ɗiya take yi cikinsu? Noma, daka, ɗibar ruwa, neman itace. Wata ma cikin hutun ake sa mata ranar aure, ba ta ƙara ganin aji.

A wasu ƙasashe an samo wata dabara. Ana tara ƴan mata wuri guda, sati biyu ko uku, suna kwana nan. Ba hadda suke yi ba, aiki ne da hannu. Su haɗa waya da batir har fitila ta kama. Su kwance na'ura su mai da ta. Su koyi kwamfuta. Ƙungiyar W.TEC ta Legas ta fara irin wannan zama a 2008. A 2015 an yi wani a ƙasar Ruwanda, ƴan mata 120 daga ƙasashen Afirka da Amurka, har sati uku.

Wani zai ce: "Malam, wannan zancen birni ne. Ina ruwan mutumin Kornaka ko Birnin Lalle?" To, ruwan sha shi ne ruwansa.

Kun san zurfin rijiyoyin ƙasar Dakoro. Sa ko raƙumi sai ya yi tafiya mai nisa da igiya kafin guga ta fito. Yanzu wasu garuruwa sun samu famfo mai aiki da rana. Ga yadda yake. Faifan nan mai baƙi yana mai da hasken rana lantarki. Waya tana kai wutar ga inji can ƙasan rijiya. Injin ya turo ruwa sama cikin tanki. In ƙura ta rufe faifan, wuta ta rage, ruwa ya rage. In waya ɗaya ta saki, komi ya tsaya. Akwai ƴar na'urar awon wuta, ba ta fi tafin hannu ba, wadda ke nuna inda cutar take. Amma sau da yawa sai mu zauna jiran makanike daga Maradi, tafiyar kilomita wajen 120. Kafin ya zo, wa ke komawa ga guga da tulu? Mata da ƴan mata. Wadda ke shan wahalar, a ganina ita ta fi cancanta ta iya gyaran.

Kuma wannan sani ba baƙo ba ne gare mu. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929. Shi ya riƙe ma'aikatar binciken hasken rana ta ƙasa daga 1969 zuwa 1985. In kun ce ai shi namiji ne, ga Fadji Maina, ƴar Damagaram. Ilimin ruwa ta karanta a Faransa, ta gama a 2016. A 2020 hukumar binciken sararin sama ta Amurka ta ɗauke ta aiki.

Uba yana da tsoro biyu, kuma ban ga laifinsa ba. Na farko, hannu ɗaya zai rage a gona. Na biyu, ina ɗiyarsa za ta kwana, wa ke tsaron ta?

Duka biyun suna da magani in mu muka shirya abin da kanmu. A yi shi bayan maimai, kafin girbin hatsi, lokacin da aiki ya ɗan lafa. A yi shi nan Dakoro, tunda azuzuwan kwaleji a rufe suke, babu kowa. Malamai mata su kula da yaran, kowane gari ya aiko dattijuwa ɗaya ta kwana da su. Masu koyarwa kuwa, a roƙi ɗaliban jami'ar Maradi, su ma suna hutu. Faifai ɗaya, batir, waya da na'urar awo sun isa a fara.

Wanda yake cikin ƙungiyar iyayen yara ya kai zancen ga taro, daga nan a kai shi gaban mai gari da magajin gari tun kafin ruwa ya sauka. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.