Sanyin Kafanchan ba na Kanada ba ne: abin da injin mota ke buƙata a hunturu

A ƙarshen kowace shekara, ma'aikatan tarayya 'yan asalin kudancin Kaduna kan kama hanya daga Abuja zuwa Kafanchan, Kagoro da Kwoi domin Kirsimeti da bikin Afan na ranar 1 ga Janairu. Tafiyar kan zo daidai da tsananin hunturu, kuma da asuba akan ji motoci suna ruri a ƙofar gida na tsawon minti goma ko fiye, wai ana ɗumama inji.

Wasu motocin da aka yi amfani da su a Kanada ko arewacin Amurka kan iso Najeriya da wata 'yar waya mai filogi a gaba. Ta na'urar ɗumama inji ce, wadda ake jonawa da lantarki kafin a tayar da mota, ta ɗumama ruwan da ke zagaya injin. A can tana da amfani har ga motocin zamani, domin idan sanyi ya kai digiri 15 zuwa 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, man juye kan yi kauri, batir ya yi rauni.

A Kafanchan kuwa, ko a Jos da ta fi ta tudu da sanyi, hunturu ba ya daskarar da ruwa. Saboda haka na'urar ba ta da aikin yi a nan. Hasali ma, an ƙera ta ne domin lantarki mai ƙarfin bolt 120, alhali na Najeriya 230 ne. Wanda ya jona ta kai tsaye zai iya ƙona ta.

Doguwar ɗumamar asuba ma gado ce daga zamanin kafireta. Motar yau kwamfuta ce ke auna mata mai gwargwadon zafin inji. Minti ɗaya ya isa man juye ya zagaya, sai a ja a hankali, domin inji ya fi saurin ɗaukar zafi a tafe. Injin matsakaiciyar mota na shan kimanin lita ɗaya a awa idan yana aiki a tsaye. Minti goma kullum ya zama kusan lita biyar a wata. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, har lita ta haura naira 1,000 a Abuja a 2024, wannan ba ƙaramar asara ba ce ga mai jiran albashi.

Babbar matsalar tana wajen tamostat, abin da ke tsare ruwa kada ya tafi lagireto har sai inji ya kusa digiri 90. Bakanikai da dama kan cire shi, su haɗa fanka kai tsaye, da hujjar cewa na ƙasar sanyi ne. Sakamakon haka inji kan daɗe bai kai zafinsa ba, kwamfuta ta ci gaba da ƙara masa mai, ya kuma yi saurin tsufa.

Lamarin ya shafi shirin gwamnatin tarayya na mayar da motoci kan iskar gas ta CNG. Akasarin irin waɗannan motoci da fetur suke tashi, sai ruwan inji ya ɗau zafi sannan su koma gas. Motar da aka cire wa tamostat za ta fi daɗewa tana shan fetur a safiyar hunturu, rangwamen da ake nema ya ragu.

Ga jami'an da ke kula da motocin ma'aikatu da masu shirin tafiya gida, abin dubawa huɗu ne: a mayar da tamostat, a gwada batir, a zuba man juyen da kamfanin motar ya ƙayyade, a kuma sauya matatar iskar da ƙurar hunturu ke toshewa.