Ka gaji da maganar korona? Illar wannan gajiya, da abin da aikin hannu zai iya yi maka

A ranar 1 ga Disamban 2021 hukumar NCDC ta sanar da cewa nau'in korona na Omicron ya shigo Najeriya. Ba a yi mako guda ba Birtaniya ta hana matafiyanmu shiga ƙasarta, sannan ta janye a tsakiyar watan. Idan da ka ji labarin taɓe baki ka yi ka ce "an kuma", to ba kai kaɗai ba ne. Ka shiga Kantin Kwari ko wata tashar mota ka ƙirga masu takunkumi, yatsun hannu ɗaya za su ishe ka.

Wannan hali yana da suna. Tun watan Oktoban 2020 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na yankin Turai ya kira shi gajiya da annoba, wato mutum ya riƙa sakaci da matakan kariya sannu a hankali, alhali ya san amfaninsu. Ba jahilci ba ne, ba kuma taurin kai ba. Jikin ɗan Adam yana iya ɗaukar tsoro na awoyi ko kwanaki: zuciya ta ƙara bugu, barci ya ragu, hankali ya tattara wuri guda. Ba zai iya zama a haka shekara biyu ba. Idan aka daɗe, haɗarin sai ya zama jiki, ita kuwa wahalar dokokin kullum sabuwa ce.

Kuma an sha wahalar. Kano ta yi azumin 2020 cikin dokar kulle, babu Juma'a, babu hawan sallah. Yara sun yi kusan wata shida a gida. Shekara biyu a jere maniyyata ba su je Hajji ba. A watan Maris na 2021 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 22 cikin ɗari. Ga kayan tallafi da aka gano jibge a rumbuna, ga allurar riga-kafi sama da miliyan ɗaya da aka lalata a Abuja a Disamban 2021 saboda ta iso dab da ƙarewar wa'adinta. Wanda ya ga duk wannan, idan ya ce ya gaji, da gaskiyarsa. Sai dai kada gajiyar ta sa ka manta da Afrilun 2020: ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce cikin mutum 979 da suka rasu a Kano a wancan lokaci, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana ganin korona ce sanadi.

Abin da ya fi damun mu likitoci shi ne gajiyar ba ta tsayawa a kan takunkumi. Mai hawan jini da ya ce "na gaji da komai", kafin a farga ya fara tsallake magani. Mai ciwon suga ya daina gwaji. Mai juna biyu ta bar ranar awo ta wuce. Su ne kuma waɗanda korona, ko da an ce wannan nau'in ya fi sauƙi, take kaiwa gadon asibiti. Don haka idan ba za ka iya riƙe doka goma ba, ka riƙe waɗanda suka fi nauyi. Ka yi riga-kafi, idan kuma ka cika wata shida da yin ta biyu ka je a yi maka ta ƙari, wadda aka fara bayarwa ranar 10 ga Disamban 2021. Ka sa takunkumi a motar haya da asibiti. Ka bar taga a buɗe duk da hunturu. In tari da zazzaɓi suka kama ka, ka nisanci ɗakin tsofaffi.

Wannan na kare jiki ne. Saura zuciya. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a Oktoban 2021 ya ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai an samu ƙarin mutum miliyan 53 masu ciwon damuwa da miliyan 76 masu ciwon fargaba a duniya, kuma mata da matasa suka fi shan kashi. Dalili ɗaya shi ne annobar ta ƙwace wa mutum iko da ranarsa. Wasu ne suka riƙa yanke ko za ka fita, ko ɗanka zai je makaranta, kuma a lokacin ba wanda ya san ranar ƙarewa.

A nan aikin hannu ya shigo. Hular da ka fara ɗinkawa tana da farko tana da ƙarshe, kai ka zaɓi zaren, kai za ka ce ta gamu. Ƙwaƙwalwar da ta shiga ƙirga ɗinki ba ta samun sararin juya tunani ɗaya sau ɗari. Masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa suna da wata hanyar magani da aka gina kan haka: kada ka jira sai ka ji daɗi sannan ka yi aiki, ka fara aikin, jin daɗin yakan biyo baya. Wani gwaji da aka yi a Ingila, aka buga a 2016, ya nuna wannan hanya ba ta gaza doguwar tattaunawa da ƙwararre ba wajen rage ciwon damuwa. A Zimbabuwe, shirin da likita Dixon Chibanda ya kafa, inda tsofaffin mata ke zama kan benci suna sauraron masu damuwa, yana haɗa marasa lafiyar su riƙa saƙa jakunkuna da tsofaffin ledoji. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara rubuce-rubuce sama da 900 kan alaƙar fasaha da lafiya. Ba dukansu ke da ƙarfi ɗaya ba, amma mafi yawa hanya guda suka nuna.

Ba sai ka nemo wani baƙon abu ba. Telolin da suka koma ɗinka takunkumi da ƙyallen atamfa lokacin kulle sun samu na cefane, sun kuma samu dalilin tashi da safe. Matan da ke rubuta labari suna turawa zaurukan WhatsApp, wasunsu har su shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, suna fitar da abin da ke cin su ne ta bakin wata Binta ko Ladidi. Akwai saƙa, kitso, zayyanar allo, shuka alayyahu a tsohon buhu. Ka ware rabin awa a lokaci ɗaya kullum, misali bayan la'asar, ka zaɓi abin da zai ƙare cikin mako. Kada ka damu ko ya yi kyau. Jan allon waya da yatsa dai ba ya cikin lissafi, shi gajiya yake ƙarawa.

Ku kuma masu jinya, kalmar "kwanta ka huta" tana da iyaka. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko tsohuwar da aka hana fita, idan aka raba su da kowane aiki sai su ga sun zama kaya. Ku ba Hajiya wake ta tsince, ku kunna waya ta ba jikoki tatsuniya ko tarihin gida ku naɗa. Mai ciwon suga da yatsunsa suka fara mutuwa ko idonsa ya raunana, a nisanta shi da allura da reza, a nemo masa aikin da ba zai ji rauni ba.

Saƙa ba ta biyan kuɗin haya, ba ta kuma maye gurbin magani. Idan baƙin ciki ya kai mako biyu kusan kullum, abin da kake so ya fita daga ranka, barci ko ci ya rikice, to abin ya wuce gajiya, ka ga likita. Idan tunanin kashe kai ya zo, ranar za a je, kuma kada a bar mutumin shi kaɗai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri da Dawanau, akwai kuma sashe a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kada ka nufi kemis neman tiramol ko maganin barci.

Idan kuwa kasalar a jiki take, kana haki in ka ɗan yi tafiya, ko kana ramewa, sai an duba ƙarancin jini da suga, da tarin fuka in tari ya wuce mako biyu. Wasu da suka warke daga korona sukan yi watanni da kasala. Ka tafi da duk magungunan da kake sha a leda, ka kuma faɗa wa likita watan da abin ya fara.