A Duba Gida Tun Kafin Hadari Ya Haɗo



Duk shekara, da Agusta ta kama, marka ta kankama, labari ɗaya ake ji a Gusau da Tsafe da Bungudu: katanga ta faɗi a unguwa kaza, soro ya rufta wa mutane suna barci, masai ya burma. Sai a taru a yi jaje, a ce ruwan bana ya yi yawa. Wani lokacin haka ne. Ambaliyar da ta ci garin Gummi a 2024 ta fi ƙarfin kowane maigida, kuma waɗanda ke zaune kusa da gulbi sun san idan ruwa ya tumbatsa ba a tare shi da shebur. Amma a ganina, yawancin gidajen da ke faɗuwa a tsakiyar gari, nesa da gulbi, sun daɗe suna nuna alama. Mai tsayawa ya duba ne aka rasa.

Kakanninmu suna ba da labarin duba-gari, ma'aikatan tsafta da ke shiga gida gida tun zamanin En'e, su leƙa randa, su duba masai da kwata, wanda aka samu da ƙazanta a ci shi tara. Yau da wuya ka ga wani ya shigo gidanku don wannan. Aikin ya dawo kan masu gida, kuma mafi yawanmu ba mu karɓe shi ba.

Mu ɗan yi lissafi irin na aji. Ruwan sama milimita 1 a kan fili murabba'in mita 1 lita 1 ne, nauyinsa kilo 1. Ɗaki mai mita 4 tsawo da 4 faɗi yana da rufi murabba'in mita 16. Idan aka yi ruwa milimita 50 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, lita 800 ke sauka a kan wannan rufin, wato jarka 32 mai cin lita 25. Idan indararo a buɗe yake, ruwan zai zube ƙasa ya wuce. Idan leda da ganye da ciyawa sun toshe shi, ruwan zai kwanta a kan soro, ƙasa ta sha, ta yi nauyi, ta kuma yi laushi a lokaci guda. Azarar da ke ɗauke da ita ba ta ƙara ƙarfi ba tun ranar da aka ɗora ta. Share indararo kuwa bai kai aikin minti goma ba.

Katangar ƙasa daga gindi take mutuwa. Ruwan da ke zuba daga rufi yana fantsama yana zaizaye ƙasan, wanda ya kwanta a lungu kuma yana jiƙa tushen. Duk wanda ya ga gindin katangarsu ya rame ya fi samanta siranta, to, ya sani tana tsaye ne da ƙafa ɗaya. Akwai wani abin da ya fi wannan yaudara, wato shafen siminti a kan ginin ƙasa. Daga waje gida ya yi kyau kamar na bulo. Amma siminti da laka ba sa riƙe juna sosai. Da ɗan tsagi ya samu, ruwa zai shiga bayan shafen ya kasa fita, ƙasa ta yi ta narkewa a ɓoye. Ƙwanƙwasa bangon da hannu: inda ka ji yana amsawa kamar ganga, shafen ya rabu da jikin gini.

Masu gidan bulo da kwano kada su ce wannan ba ta shafe su ba. Iskar farkon damina, ta Mayu da Yuni, da kwanon da ƙusarsa ta yi sako-sako take farawa, kuma idan ta ɗaga falle ɗaya sauran sun zama nata. Gara tana cinye katako ta ciki ta bar fatar waje lafiya lau, sai ka soka ƙusa ka ji ta shige kamar cikin burodi. Tabon ruwa a silin yana nufin yoyo ya riga ya daɗe, idan kuma wayar lantarki ta bi ta wurin, maganar ta wuce ta yoyo. A leƙa murfin masai ko ya tsage. A duba bakin rijiya ko ruwan tsakar gida yana gangarawa ciki. Masana lafiya suna son a sami tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, abin da gidajenmu na cikin gari ba kasafai suke da shi ba, kuma ba mu manta yadda kwalara ta yi wa Zamfara a 2021 ba.

Na san abin da za a ce: babu kuɗi. Gaskiya ne, siminti ya yi tsada, kuma gidaje da yawa a garuruwan nan sun cika da 'yan uwa da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka, abinci ma da ƙyar. Sai dai dubawa kyauta ce, kuma abin da ake ganowa a watan Maris yawanci na kwandon ƙasa ne da yinin magini ɗaya, ko ƙusa da kafinta. Wanda aka bari har Agusta, sabon ɗaki yake nema, in an yi sa'a ba a yi asarar rai ba. Matsalar da ta fi rashin kuɗi wuya ita ce ta gidan gado da gidan haya, inda kowa ke jiran wani. Mai haya ya ce ba gidansa ba ne, mai gida ya ce ba shi ke kwana ciki ba, magada goma kowa ya ce ba shi kaɗai ya gada ba. Katangar kuwa a kan wanda ke kwance a gindinta za ta faɗo.

Kada kuma a ɗora wa ginin ƙasa laifi. Babban masallacin Jenne a ƙasar Mali na laka ne, ginin da ke tsaye yanzu tun 1907 yake, saboda duk shekara mutanen garin suna fitowa kwansu da kwarkwata su sake yaɓe shi. Mu ma nan da haka ake yi. Rani lokacin yaɓe ne, ana jiƙa makuba a shafe soro da ita don ruwa ya zame. Mun bar wannan al'ada ba tare da mun maye gurbinta da wata ba.

Abin da nake roƙon 'yan uwana ɗalibai shi ne, kowa ya ware safiyar Asabar ɗaya kafin ruwan farko, ya ɗauki takarda da biro ya zagaya gidansu ciki da waje, ya rubuta abin da ya gani. Tsagin da ke bango a yi masa alama da alli a ƙarshensa, a dawo bayan mako biyu a ga ko ya wuce alamar. In ya wuce, ginin yana motsi, a kira magini, kuma kada kowa ya ƙara kwana a ɗakin. Hawa soro da taɓa waya a bar wa manya. Sannan a kai wa Baba takardar cikin ladabi, lokacin da ya huta, ba yana shigowa daga kasuwa ba. Malamanmu na kimiyya da fasaha kuma, da za su mai da wannan aikin gida mai maki, har azuzuwanmu da ɗakunan kwananmu su shiga cikin lissafin, da mun gode.