Tarihin Wa Za Mu Ba Yaranmu Su Karanta?

Kuɗin littattafai kaɗan ne, saboda haka dole mu yi zaɓe. Tarihin Mary Slessor da na David Livingstone suna da kyau, amma ɗan manomi da ke aji huɗu na firamare yakan ɗauka manyan mutane duk daga ƙetare suke zuwa.

A ganinmu a fara masa da Dorugu, yaro Bahaushe da aka kama bawa, aka 'yanta shi, ya bi Barth har Ingila a 1855. Schön ya rubuta labarinsa daga bakinsa da Hausa. Yaro yana son jin labarin yaro ɗan'uwansa, ya ji tsoronsa da yunwarsa. Littafin da ya nuna mutum bai taɓa kuskure ba tun yana goye, a bar shi a kanti.

'Yan ƙaramar sakandare kuwa sun isa su karanta Malam Aminu Kano, wanda malamin makaranta ne kafin siyasa, da Nana Asma'u, musamman 'yan matanmu. Labarin Baba ta Karo na 1954 yana da zancen aure da bori, sai malami ya fara karantawa tukuna, ya zaɓo musu babi.