Sharhi: Algus a malejin motocin kwatano, wa ke yi, wa ke biyan bashin?

Duk wanda ya taɓa shiga filin sayar da motoci a Yamai, ko Maraɗi, ko Kwatano, ya san yadda ciniki ke farawa. Mai saye zai zagaya motar, ya ƙwanƙwasa jikinta ya ji ko an yi mata ciko, sannan ya buɗe ƙofa ya murɗa makulli ya leƙa maleji. Idan ya ga kilomita dubu 80 sai hankalinsa ya kwanta. Idan ya ga dubu 240 sai ya ja da baya, ko ya fara neman ragi. Masu sayarwa sun san da haka, shi ya sa wannan 'yar lamba da ke bayan sitiyari ta zama abin da aka fi yi wa ƙarya a jikin mota.

Matsalar ba a ƙasashenmu ta faro ba. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ta ƙiyasta cewa ana sayar da motoci sama da dubu 450 a kowace shekara da malejin ƙarya a ƙasar, kuma masu saye na asarar fiye da dala biliyan 1. Wannan fa a ƙasar da ta haramta taɓa maleji tun 1972, ta kuma ƙara tsaurara dokar a 1986. A Turai, majalisar dokokin Tarayyar ta zartar da ƙuduri kan batun a watan Mayun 2018, bisa alƙaluman da suka nuna cewa kashi 5 zuwa 12 cikin 100 na motocin hannu da ake sayarwa a cikin ƙasa ɗaya an rage musu maleji. Amma da zarar mota ta tsallaka iyaka zuwa wata ƙasar, adadin sai ya haura zuwa kashi 30 har 50. An ƙiyasta asarar tsakanin Yuro biliyan 5.6 da 9.6.

A tsaya a kan wannan bambanci, domin shi ne ya fi shafarmu. Mota tana rasa tarihinta ne a bakin iyaka. Gareji da hukumar binciken lafiyar motoci na ƙasar da ta fito suna da bayaninta, ƙasar da ta shiga kuwa ba ta da komai sai abin da maleji ya nuna. To idan haka abin yake tsakanin Jamus da maƙwabtanta, waɗanda ke da kwamfutoci da 'yan sanda da kotunan da ke bin diddigi, ina ga motar da ta hau jirgin ruwa a Antwerp, ta sauka a Kwatano ko Lome ko Tema ko Duwala, ta yi makonni a fili, sannan ta bi hanya zuwa Damagaram ko Njamena?

Yawan motocin ba kaɗan ba ne. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a Oktoban 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Babu nahiyar da ta kai ta karɓa.

Akwai wani abin mamaki a nan. Mutanenmu kan kira motar hannu mai kyau "'yar Beljiyam", kuma Beljiyam ɗin ita ce ƙasar da ta fi kowa nasarar daƙile wannan ha'inci a Turai. Tun 2006 suka kafa tsarin da ake kira Car-Pass. Duk lokacin da mota ta shiga gareji, ko juyen mai ne, ko sauya taya, ko binciken shekara, dole a aika da lambar malejinta zuwa rumbun bayanai guda ɗaya. Mai sayar da mota ga ɗan ƙasa dole ya miƙa masa takardar da ke jere da waɗannan lambobi da kwanakinsu, in bai bayar ba mai saye na da ikon neman a warware cinikin. Idan a bara an rubuta dubu 190, bana kuma maleji na nuna dubu 110, takardar da kanta za ta tona asiri. Holan ma tana da irin wannan tsari a hannun hukumar rajistar motocinta. Sai dai kariyar ta mai saye ce a can cikin gida. Motocin da ake tarawa a unguwar Heyvaert da ke Brussels, cibiyar fataucin motoci zuwa Afirka ta Yamma, daga sassan Turai daban-daban ake kwaso su, kuma takardar tarihi ba ta cikin abin da ake tambaya a tasoshinmu. Sunan Beljiyam ne ke isowa gare mu, tsarin yana can an baro shi.

Yaya ake yin aikin? A da, lokacin maleji mai lambobi masu juyawa, sai an kwance allon an juya ƙafafun da hannu, kuma mai ido kan gane saboda lambobin ba sa zama daidai a layi. Da maleji na lantarki ya zo, mutane da yawa suka ɗauka an huta. Ashe sauƙi aka ƙara wa macuta. Ƙarƙashin sitiyarin kowace motar zamani akwai wata kafa da bakanike ke jona na'urar gano cuta, wadda ake kira OBD. Amurka ta wajabta ta tun 1996, Turai ta biyo baya a 2001 ga motocin fetur. Ta wannan kafar, ko ta hanyar ciro ƙaramin guntun ajiyar bayanai da ke cikin allon, ake goge lamba a rubuta wata, aikin 'yan mintoci. Na'urorin ana tallarsu a intanet da sunan kayan "gyaran" maleji. Kwanan nan ma an samu wata 'yar na'ura da ake ɓoyewa a bayan allo, wadda ke hana maleji ƙirga tafiyar gaba ɗaya ko ta riƙa ƙirga rabi.

Ribar kuwa a bayyane take. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta daɗe tana ambaton ƙiyasin 'yan sanda cewa kusan ɗaya cikin kowace mota uku ta hannu da ake sayarwa a ƙasar an taɓa malejinta, kuma hakan na ƙara wa farashi kimanin Yuro dubu 3 a kan kowace mota. A kuɗinmu wannan ya kusa sefa miliyan 2. Aikin da bai kai lokacin shan shayi ba ke nan.

Tambayar wa ke yi ita ce mai wuya, ba don babu masu yi ba, sai don hannayen sun yi yawa. Mota kan bi ta hannun mai ita na farko, da ɗan kasuwar da ya saye ta a gwanjo, da mai loda ta a jirgi, da mai filin ajiya a bakin teku, da wanda ya shigo da ita, da dillalin da ya kawo mai saye. A kowane mataki ana iya taɓa ta, kuma kowa na iya rantsuwa cewa haka ya same ta. Wani lokaci gaskiya yake faɗa. Amma ɗan kasuwar da ya shekara goma yana shigo da motoci, ya ga mota mai shekara 14 da sitiyari ya goge har yana sheƙi, kujerar direba ta lotsa, maleji kuma na cewa dubu 70, ya san abin da yake gani. Lissafin ba ya buƙatar boko mai zurfi: dubu 70 a shekara 14 kilomita dubu 5 ke nan a shekara, alhali motar gida a Turai kan yi fiye da ninki biyu na haka. Shirun da ya yi shi ma ciniki ne.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin irin wannan. Babin da suka yi kan dabbar da aka ƙi tatsa kwanaki domin hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye, shi ne dai wannan babin: an gyara alama domin ta faɗi abin da babu. Hukuncin da aka sani shi ne mai saye na da zaɓin mayar da kaya idan ya gano, kuma wanda ya san aibi a hajarsa wajibi ne ya bayyana. Wahalar a nan ita ce hujja. Hantsa kan tona kanta cikin kwana biyu ko uku, maleji kuwa sai bayan watanni, lokacin da giya ta fara ƙugi, dillali ya ci la'adarsa, mai filin kuma ya ce ai hanyoyinmu ne suka kashe ta.

Asarar ba ta tsaya ga kuɗin da aka biya fiye da kima ba. Kamfanonin ƙera motoci da kilomita suke tsara lokacin sauya kayan ciki. Injin da ke amfani da bel ɗin taimin, alal misali, ana so a sauya masa shi a wajen kilomita dubu 90 zuwa 150 gwargwadon ƙirar motar, kuma a injuna da dama idan ya tsinke ana cikin tafiya injin ne ke tafiya gaba ɗaya. Man giya, da famfon ruwa, da kayan ƙafa duk haka suke. Mutumin da ya yarda motarsa ta yi dubu 80 zai jinkirta gyaran da ya kamata a yi tun shekara biyu da suka wuce. Idan motar gida ce, asarar ta aljihu ce. Idan bas ce mai ɗaukar fasinja goma sha takwas tsakanin Maraɗi da Ƙonni, maganar ta wuce aljihu. Kuma a duba su waye ke saye: malamin makarantar da ya ci bashin banki na shekara huɗu, matashin da aka ba tasi yana biya a hankali, kwamitin unguwar da ya yi karo-karo domin motar ɗaukar marasa lafiya. Waɗannan ba su da rarar da za su sayi injin na biyu.

Akwai kuma wata ruɗu da ba ta buƙatar a taɓa komai. Motocin da ke fitowa daga Amurka da mil suke ƙirga, ba kilomita ba, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Allo na nuna 120,000, dillali ya ce "kilomita dubu ɗari da ashirin", alhali tafiyar ta kai kilomita dubu 190 da ɗoriya. Sau da yawa ƙaramin rubutun da ke gefen lambar ne kawai ke bambancewa, kuma ba kowa ke kula da shi ba.

Ba kowane saɓani ne ha'inci ba. Allon mota kan lalace a sauya shi da na wata motar da aka yanka, sai ya zo da lambarsa. Wannan ba laifi, matuƙar an gaya wa mai saye.

Gwamnatocin yankin sun fi mayar da hankali kan shekarun mota. Kodebuwa ta sa iyakar shekara 5 ga ƙananan motoci tun 2018. ECOWAS ta amince da ƙa'idojin bai ɗaya kan shekaru da hayaƙi a 2020, kodayake Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga farkon 2017. Rufe iyakar Nijar da Benin tun bayan Yulin 2023 ya sa kaya da yawa suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙaru, tsada ta ƙaru. A ganina duk wannan ya ƙara wa mai rage maleji ƙwarin gwiwa: idan kuɗin kawo mota ya hau, mai saye kuma aljihunsa bai hau ba, hanya mafi arha ta kare farashi ita ce a sa tsohuwa ta yi kama da yarinya. Dokar shekaru tana kallon takarda, ba ta kallon wahalar da motar ta sha.

Abin da za a iya yi ba mai tsada ba ne. Muna da wuraren binciken lafiyar motoci, kuma kwastan na rubuta lambar shasi ta kowace motar da ta shigo. Da za a wajabta rubuta maleji ranar shigowa, a sake rubutawa a kowane bincike, a kuma bar mai saye ya duba, da an toshe aƙalla rabin da ake yi a cikin gida. Tarayyar Turai ta wajabta rubuta maleji a lokacin bincike a dokarta ta 2014. Rabin da ake yi kafin mota ta hau jirgi kuwa sai an nemi ƙasashen da ke fitarwa su riƙa haɗo tarihin da motar, kamar yadda takardar fitar da mota daga Japan ke ɗauke da malejin da aka rubuta a bincikenta na baya.

Kafin a kai can, mai saye ba hannu rabbana yake ba. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ita ce sunan yanka na mota. Idan daga Amurka ko Kanada ta fito, da wannan lamba ana iya sayen rahoton tarihinta a Carfax ko AutoCheck, kuma motocin da suka bi ta gwanjon Copart ko IAA sau da yawa hotunansu na nan a intanet har da hoton allon maleji na ranar gwanjo. Ɗalibin da ke da waya zai iya duba wa mahaifinsa wannan kafin a biya ko sisi. Sannan motocin zamani da yawa ba a allo kaɗai suke ajiye lissafin tafiya ba, akwai shi a kwamfutar injin ko ta giya ko ta birki, kuma mai gaggawa ba ya bin su duka ya goge. Bakanike mai na'ura, wanda kai ka kawo shi ba mai filin ba, yana iya kwatanta su. A duba jikin ƙofa da ƙarƙashin bonet ko an manta da takardar juyen mai mai ɗauke da lamba. A duba robar birki da ta kuloci: idan sun cinye, ko kuma sababbi ne fil a tsohuwar mota, akwai magana.

Mu ma masu saye muna da hannu a yadda kasuwar ta zama. Muddin za mu juya wa motar da ta faɗi gaskiyar dubu 230 baya, mu rungumi wadda ta yi ƙaryar dubu 90, ɗan kasuwa mai gaskiya ne zai kwana da hajarsa. Alhali motar da ta yi doguwar tafiya a manyan titunan Turai, ana juye mata mai a kan kari, ga takardunta a hannu, takan fi wadda ba a san komai a kanta ba. Wanda zai biya miliyoyi yana da damar ya ce a rubuta masa lambar maleji a takardar ciniki, da sharaɗin cewa in ta tabbata ƙarya ce za a mayar da mota a karɓi kuɗi, shaidu biyu su sa hannu. Mai filin da ya ƙi wannan sharaɗi, sai a nemi jin dalilinsa kafin a ƙirga masa kuɗi.